Soso Mai Gam: Garkuwar Mota Daga Zafi da Ƙara

Gabatarwa

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Kazaure, mai tsawon kimanin kilomita 80, ko wadda ta ratsa Ɓaɓura ta nufi Babban Mutum a bakin iyakar Nijar, ko kuwa hanyoyin da suka shiga ƙasar Roni da Gwiwa, ya san cewa daga watan Maris zuwa Mayu motar haya takan koma tamkar tanderu. A waɗannan watanni zafin iska a inuwa yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci ya zarce. Fasinja yakan jure sa'a ɗaya ko biyu ya sauka. Direba da yaron mota kuwa a nan suke yini, tsakanin rufin ƙarfe mai ƙuna da rurin inji, yau da gobe, shekara da shekaru.

Akwai wani irin soso da ake sayarwa a naɗe kamar tabarma, gefe ɗaya da gam, ɗaya gefen kuma wani lokaci da fallen alminiyam mai ƙyalli. Ana liƙa shi a cikin rufin mota da ƙofofi da ƙasan kafet domin rage zafi da ƙara. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da zafi da ƙara suke yi wa jikin ɗan Adam, da yadda wannan soso yake aiki, da iyakar abin da zai iya, da kuma haɗarin da ke tattare da liƙa shi ba bisa sani ba.

Yadda zafi yake shiga mota

Masana sun nuna cewa zafi yana tafiya ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce ratsawa, wato yadda zafi yake bin jikin abu daga ɓangare mai zafi zuwa mai sanyi, kamar yadda cokalin ƙarfe yake ƙona hannu idan an bar shi cikin miya. Ta biyu ita ce tafiya tare da iska ko ruwa, kamar hucin da yake tasowa daga murhu. Ta uku ita ce haskakawa, wato yadda zafin rana yake ƙetaro sararin samaniya ya iso gare mu ba tare da wani abu ya ɗauko shi ba.

Da tsakar rana, idan gari ya yi garau, kowace murabba'in mita ɗaya ta doron ƙasa tana karɓar ƙarfin rana kimanin wat 1,000. Rufin bas mai tsawon mita 4 da faɗin mita 1.5 yana da murabba'in mita 6. Ke nan abin da yake sauka a kansa ya kai wat 6,000, daidai da dutsen guga na lantarki guda shida a kunne. Fenti yakan mayar da wani kaso, sauran kuma ƙarfe ya shanye. Ƙarfen mota bai cika kai kaurin milimita ɗaya ba, kuma ƙarfe yana ratsar da zafi fiye da iska kusan sau 2,000. Saboda haka da zarar saman rufin ya yi zafi, cikinsa ma ya yi, ya shiga haskaka zafin a kan fasinja.

Bayan rufi akwai gilashi, wanda yake barin hasken rana ya shiga ya ɗumama kujeru da dashbod, amma ya tare yawancin zafin da suke mayarwa. Akwai inji da salansa, musamman a irin bas ɗin Hiace wadda injinta yake ƙarƙashin kujerar gaba. Daga ƙarshe akwai mutanen da ke ciki, domin kowane baligi da yake zaune yana fitar da zafi kimanin wat 100. Fasinja 18 sun zama murhu mai wat 1,800 ke nan. Har wa yau, da yawa daga cikin motocin hayarmu an ƙera su ne a Turai domin ɗaukar kaya, da suka iso nan aka huda musu tagogi aka sa kujeru. Irin waɗannan ba su da silin ko shafi a bango, ƙarfe ne tsirara.

Abin da zafi yake yi wa jiki

Jikin mutum yana aiki ne a kan digiri 37. Akwai wani sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa da yake lura da wannan ma'auni dare da rana. Idan zafi ya fara hawa, sai ya buɗe hanyoyin jini na fata, ya kuma saki gumi. Bushewar gumin ita ce take sanyaya jiki, kamar dai yadda randa take sanyaya ruwa. Wannan hikima ce marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yi amfani da ita wajen haɗa tukunya cikin tukunya domin adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

To amma gumi ruwa ne da gishiri. Mai aiki cikin zafi yana iya zubar da lita ɗaya a sa'a guda. Idan bai mayar ba, jini yakan ragu, zuciya ta ƙara bugawa, ƙoda ta wahala, kai ya yi nauyi, hankali ya rarrabu. Ga manomi wannan gajiya ce. Ga direban da yake riƙe da rayukan mutane 18 a kan titi, jinkirin daƙiƙa ɗaya wajen taka birki yana nufin motar da take gudun kilomita 100 a sa'a ta ci ƙarin mita 28. Idan kuwa zafin cikin jiki ya haura digiri 40, an shiga halin bugun zafi: mutum ya rikice, ya suma, sinadaran furotin da suke gudanar da ayyukan ƙwayoyin halitta su fara lalacewa. Idan ba a gaggauta sanyaya shi ba, rai yana iya salwanta.

Abin da ƙara take yi wa kunne

Ƙara girgiza ce da take bin iska. Idan ta shiga kunne sai ta kaɗa dodon kunne, shi kuma ya miƙa ta ga wasu ƙananan ƙasusuwa uku, su kuma su isar da ita ga wata gaɓa mai siffar katantanwa, cike da ruwa. Masanin da ya fayyace yadda sauti yake tafiya cikin wannan katantanwa, Georg von Békésy, ya sami kyautar Nobel a 1961. A cikin katantanwar akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 15,000 a kowane kunne. Su ne suke juya girgiza ta zama saƙon da jijiya take kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana karya wannan gashi, kuma a jikin ɗan Adam ƙwayar da ta mutu ba ta sake tsirowa. A 1988 masana suka tabbatar da cewa tsuntsaye suna sabunta nasu, amma mu ba mu da wannan baiwa.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Raɗa tana kusan desibel 30, hira ta yau da kullum kusan 60. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawara a 1998 cewa kada ma'aikaci ya wuce sa'a 8 cikin ƙara mai desibel 85. Duk ƙarin desibel 3 yana ninka ƙarfin sautin, saboda haka yana raba lokacin biyu: sa'a 4 a desibel 88, sa'a 2 a 91, sa'a 1 a 94, minti 15 kacal a 100. Wannan ya nuna cewa rage desibel 3 kawai, wanda kunne da ƙyar zai lura da shi, ya ninka lokacin da direba zai iya yi ba tare da cutuwa ba.

Irin wannan kurumta sannu take shigowa. Takan fara da ƙugi a kunne bayan an tashi aiki, sa'an nan mutum ya ga yana jin magana amma ba ya rarrabe kalmomi, musamman cikin taro. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutane fiye da biliyan 1.5 suna da wani mataki na raunin ji, kuma miliyan 430 daga cikinsu suna bukatar kulawa.

Darasi daga halittu

Tun kafin a ƙera mota, halittu suna da garkuwar zafi. Wani masani mai suna Knut Schmidt-Nielsen ya yi nazarin raƙuma a Beni Abbas ta ƙasar Aljeriya a tsakanin 1953 da 1954. Ya gano cewa raƙumin da aka yi wa aski yana asarar ruwa fiye da mai gashi da kimanin kashi 50 cikin 100. Gashin da muke zaton yana ƙara masa zafi ashe shi ne yake tare zafin rana daga isa fata. Sirrin ba a gashin kansa yake ba, yana cikin iskar da ta maƙale a tsakaninsa. Iskar da ba ta motsi tana cikin abubuwan da suka fi ƙin ratsar da zafi.

Haka kuma a 2015 masana a Jami'ar Kolombiya ta Amurka suka bayyana yadda wata tururuwa ta Sahara mai launin azurfa take fita kiwo da tsakar rana. Jikinta yana lulluɓe da gashi mai kusurwa uku wanda yake mayar da hasken rana kamar madubi. Raƙumi yana tsare iska, tururuwa tana mayar da haske. Sosan da yake da fallen alminiyam ya haɗa waɗannan dabaru biyu ne.

Kakanninmu ma sun san wannan. Ɗakin jinka ya fi na kwano sanyi domin kowane tsinken ciyawa yana riƙe da iska. Idan ɗalibi ya ɓare karan dawa ya dubi totuwar da ke ciki, zai ga fari ne mara nauyi, cike da ƙananan ɗakuna. Irin waɗannan ɗakuna ne Robert Hooke ya gani a 1665 sa'ad da ya duba ɓawon wani icce da madubin ƙara girma, ya raɗa musu sunan da har yau ake kiran ƙwayar halitta da shi a Turance. Soson roba kwaikwayon totuwa ne da aka yi a masana'anta.

Ire-iren soso da aikin kowanne

Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka haɗa robar foliyuritan a Jamus a 1937, wadda daga baya aka riƙa yin katifa da kushin da ita. A wannan shekara kuma William Sparks da Robert Thomas suka haɗa robar butil a Amurka. Kayan da ake liƙa wa mota a yau sun kasu kashi huɗu, kowanne da aikinsa.

Na farko, soso mai buɗaɗɗun ƙofofi, irin na katifa. Ramukansa a haɗe suke da juna, kamar soson wanka da yake yaɗo a kan danga. Iska tana ratsa shi, saboda haka idan sauti ya shiga sai ya yi ta gogar bangon ramukan har ƙarfinsa ya ragu. Yana shanye amo, amma yana shan ruwa.

Na biyu, soso mai rufaffun ƙofofi, wanda aka fi yi da foliyetilin ko roba. Kowane rami a kulle yake kamar na totuwa. Ba ya shan ruwa, yana tare zafi ƙwarai, kuma yana hana leda da ƙarfe gogar juna. Sai dai bai cika shanye sauti ba. Dangin wannan soso ne a bangon kular abinci da akwatin da ma'aikatan lafiya suke ɗaukar allurar rigakafi a ciki, domin ta zauna tsakanin digiri 2 da 8.

Na uku, fallen butil mai nauyi da bayan alminiyam. Aikinsa kashe girgizar ƙarfe. Idan ka bugi tasa za ta yi ta amo, amma da ka ɗora yatsa a kanta sai ta yi shiru. Butil shi ne wannan yatsa. Ba sai an rufe ƙarfen duka ba, kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabi a tsakiyar falle yakan wadatar. Akwai mai araha da ake yi da kwalta, amma a zafin ƙasarmu yakan yi laushi, ya zame, ya cika mota da wari. Araha dai ba ta ado.

Na huɗu, shimfiɗar roba mai nauyi da ake sa wa a ƙasa. Ita ce take tare ƙarar da ke shigowa daga inji da taya, domin abin da yake tare sauti shi ne nauyi. Ƙa'ida ita ce, duk lokacin da aka ninka nauyin bango, sautin da yake ratsa shi yana raguwa da kimanin desibel 6.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa, su zaci siririn soso zai kashe rurin inji. Sauti yana gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa. Ruri mai kauri da yake kaɗawa sau 100 a daƙiƙa yana da zango mai tsawon mita 3.4, soso mai kaurin santimita ɗaya kuwa bai isa ya kama shi ba. Sauti mai kaifi da yake kaɗawa sau 4,000 zangonsa bai kai santimita 9 ba, shi ne soso yake iya ragewa. Abin farin ciki shi ne, a daidai wannan mataki na 4,000 ne ƙara take fara yi wa kunne illa.

Wani ɗan lissafi

Mu ɗauka cikin rufin bas ya kai digiri 70, iskar cikin mota kuma tana 40, bambanci digiri 30 ke nan. Ƙarfe tsirara yana zubar da zafi kimanin wat 10 daga kowace murabba'in mita a kan kowane digiri na bambanci. Wato wat 300 a murabba'in mita, ko wat 1,800 daga rufi mai murabba'in mita 6. Idan aka liƙa soso mai rufaffun ƙofofi na milimita 10, turjiyar da zafi zai gamu da ita takan ninku kusan sau huɗu, sai adadin ya sauko zuwa kimanin wat 80 a murabba'in mita, ko wat 480 a rufin duka. A zahiri ragin ba zai kai haka cif ba, domin ƙarfen da aka hana zubar da zafinsa ciki yakan ƙara zafi kaɗan, kuma sandunan rufi suna ci gaba da ratsar da nasu. Duk da haka an kawar da abin da ya kai dutsen guga guda daga kan fasinja. Ga mai na'urar sanyaya mota, wannan sauƙi ne ga inji da aljihu, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023.

Abin da soso ba zai iya ba

Wajibi ne mai karatu ya riƙe wannan: soso ba ya ƙirƙirar sanyi, jinkirta tafiyar zafi kawai yake yi, kuma bai san ciki da waje ba. Yadda yake hana zafin rufi shigowa, haka yake hana zafin fasinja da wanda ya shigo ta gilashi fita. Motar da aka liƙa wa soso tana bukatar iska mai ratsawa kamar kowace mota.

Wani bincike da likitoci a Jami'ar Stanford suka buga a 2005 ya nuna cewa motar da aka ajiye a rana, zafin cikinta yana ƙaruwa da kimanin digiri 22 cikin sa'a ɗaya, kuma kashi 80 cikin 100 na ƙarin yana faruwa ne a minti 30 na farko. Sun kuma ga cewa sassauta gilashi kaɗan bai kawo wani bambanci na a zo a gani ba. A ranar da Kazaure take digiri 40, ana maganar fiye da 60 ke nan. Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba, domin fatarsa tana da faɗi idan aka gwada da nauyinsa, kuma guminsa bai kai na babba ba. A watan Disamba na 2021 an sami gawarwakin yara takwas a cikin wata mota da aka ajiye a yankin Badagiri ta Jihar Legas. Babu sosan da zai hana irin wannan. Kada a bar yaro cikin mota ko na minti biyar, kuma motar da aka ajiye a ƙofar gida, mai lafiya ko matacciya, a kulle ta a ɓoye makullin.

Haɗurra uku

Na farko shi ne gobara. Soson katifa yana kama wuta da sauri, hayaƙinsa kuma yana ɗauke da iskar kabon monoksaid da sayanaid, dukkansu masu kisa. Tun 1972 dokar Amurka ta hana amfani da duk abin da wuta take ci da saurin da ya wuce milimita 102 a minti a cikin ɗakin mota. Foliyetilin ma yakan narke da an ɗan haura digiri 100, alhali salansa tana kai ɗaruruwan digiri. Saboda haka kusa da inji da salansa ba wurin soso ba ne, wurin audugar gilashi ce mai bayan alminiyam, wadda aka yi musamman domin haka. Haka nan duk ranar da za a kai motar wurin mai walda, a gaya masa akwai soso a bayan ƙarfen.

Na biyu shi ne tsatsa. Ruwan sama yana shiga ƙofar mota ta bakin gilashi ya fita ta wasu ƙananan huda a ƙasanta. Idan aka toshe su, ko aka cusa soso mai shan ruwa, damina ɗaya ko biyu ta isa ƙarfen ya fara ruɓewa daga ciki.

Na uku shi ne guba. Gam na gwangwani da ake shafawa yana ɗauke da sinadarai masu tashi a iska, dangin waɗanda suke cikin sholisho, masu illa ga ƙwaƙwalwa da hanta. A yi aiki da shi a fili, nesa da wuta. Sa'an nan a gyara salansa kafin a rufe ƙasan mota. Kabon monoksaid ba ta da launi ko wari, kuma tana kama sinadarin jini mai ɗaukar iskar oksijin fiye da oksijin ɗin kanta sau 200 da ɗoriya. Ciwon kai da jiri da barci a kan tuƙi suna cikin alamunta.

Yadda ake liƙawa

Masu ɗinkin kujerun mota su suka fi dacewa da wannan aiki, domin sun san yadda ake cire silin da murfin ƙofa. Wajen saye, a hura soson da baki: idan iska ta wuce, mai buɗaɗɗun ƙofofi ne. A tsoma guntunsa a ruwa a matse. A kuma kai wani guntu waje a kusanta masa ashana, mai kyau yakan mutu da kansa idan an janye wutar. Sa'an nan a bi waɗannan matakai:

1. A cire kan batir, a fitar da kujeru da kafet.
2. A kankare tsatsa a shafa fenti, a toshe duk hudar da hayaƙi zai iya bi.
3. A goge ƙura da maiƙo sarai a bari ya bushe. Ƙurar hunturu ita ce babbar maƙiyiyar gam.
4. A yanki samfuri da takarda kafin a yanki soso.
5. A fara da butil a tsakiyar falle, a bi da soso a kai, ana ɓare takardar gam kaɗan-kaɗan ana murzawa da kwalba domin kada iska ta maƙale.
6. Gefen alminiyam ya fuskanci sarari. Idan aka manne shi da wani abu, ƙyallinsa ya tashi aiki.
7. Kada a binne wayoyi, ko a kusanci birki da totur, ko a rufe wurin jakar iska ta kariya.

A yi aikin da safe a inuwa. Wanda kuɗinsa bai kai na mota duka ba, ya fara da rufi da murfin inji.

Dabarun da ba su da tsada

Fenti yana gaba da soso, domin gara a hana zafi kama ƙarfe da a tare shi bayan ya kama. A 2011 masana a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley a Amurka suka ajiye motoci biyu iri ɗaya a rana, baƙa da mai launin azurfa. Rufin mai azurfar ya fi sanyi da abin da ya kai digiri 25, iskar cikinta kuma da digiri 5 zuwa 6. Farin fenti a rufi kawai yana da amfani. Tsofaffin motocin Land Rover da aka yi domin ƙasashe masu zafi suna da rufi biyu da sarari a tsakani, kamar rumfar zana a kan kwano. Ajiye mota a gindin darbejiya, da shimfiɗa kwali a gilashin gaba, da buɗe ƙofofi na ɗan lokaci kafin a yi lodi, duk suna taimakawa. Baƙar ledar gilashi kuwa tana rage gani da dare, kuma tun 1991 dokar Nijeriya ta taƙaita amfani da ita sai da izini. Game da ƙara, sau da yawa ɗaure salansa da sauya robar ƙofa da ta mazaunin inji sun fi kowane soso tasiri.

Gwaji domin makarantu

Malami zai iya neman gwangwani uku masu murfi, girma ɗaya. A shafa wa biyu baƙin fenti, ɗaya fari. A liƙa soso a cikin ɗaya daga baƙaƙen. A huda murafen a sa ma'aunin zafi, a jera su a rana da ƙarfe 12, ɗalibai su riƙa rubuta ma'aunin kowane minti 5 har sa'a ɗaya, su zana jadawali. Sa'an nan a mayar da su inuwa a ci gaba da aunawa. Za a ga mai soson ya fi jinkirin yin zafi, ya kuma fi jinkirin hucewa. Na sauti kuma, a rataye farantin ƙarfe da zare a buga, sa'an nan a liƙa masa guntun tsohon tub na taya a sake bugawa. Wayar hannu mai manhajar auna sauti za ta nuna bambancin, ko da yake ma'auninta na kwatance ne.

Kammalawa

Soso mai gam yana rage zafin rufi da amon ƙarfe idan an zaɓi wanda ya dace, an kuma sa shi inda ya dace. Ba ya maye gurbin iska, ko ruwan sha, ko gyaran salansa, ko sa ido a kan yara. Ya kamata shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa su ɗauki lafiyar kunne da zafin mota a matsayin batun kare haɗari, daidai da taya da birki.

Akwai kuma ƙalubale ga masananmu. Kamfanonin Toyota da Ford sun yi amfani da zaren rama, ramar nan da muke shukawa a gefen gona, wajen yin murfin ƙofar mota. A ƙasar Sanagal ana sarrafa kacalla, ciyawar da ta addabi fadamun Haɗeja da Nguru, domin tare zafi a gine-gine. Muna da totuwa da audugar rimi da ɓuntun shinkafa. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ɓaɓura a 2021. Abin da ya rage shi ne a auna waɗannan kaya, a gano yadda za a kare su daga wuta da danshi da ƙwari, a kuma gwada su a motocin da suke bin hanyoyinmu. Ɗalibin da ya fara da gwangwani uku a filin makaranta ya riga ya kama hanyar wannan bincike.